Kundin gwaji: neman abin wanke wilin babur da ba zai cinye shi ba

2 ga Maris

Abin da na sa a gaba a 'yan makwannin nan shi ne in tantance da idona wane sabulu ko sinadari ya dace da wilin babur, wanne ne kuma yake haska shi yau ya lalata shi gobe. Yawancin kwalaben da ake sayarwa da sunan maganin wanke wili don mota aka haɗa su. Wilin mota kuwa galibi fenti ne da banish a kai, birkinsa na can ciki, boris ɗinsa a ɓoye. Na babur komai a fili yake kuma a cunkushe. Cikin taki ɗaya za ka tarar da alminiyam, da wayoyin ƙarfe, da robar taya, da faifan birki, da takalman birki, da bakin boris. Abin da ka fesa wa ɗaya, sauran duk sun sami rabonsu.

Babur ɗina baƙin rim gare shi mai wayoyi, kuma ba a kansa zan yi gwaji ba. Na samo tsofaffin da aka yar: rim irin nawa da ya lanƙwashe, wilin zubi mai fenti da ya tsage, guntun rim na ƙarfe mai kurom, da murfin cibiya na alminiyam wanda aka goge ya yi ƙyalli. Na raba kowanne gida-gida da tef, na rubuta lamba a kowane gida.

Ƙa'ida ɗaya ce ga kowa: a inuwa, ƙarfe a sanyaye, sinadari ya yi minti 5 a kai, sai ɗauraya da ruwa mai yawa. A kowane wili akwai gidan da ba zan taɓa ba, don in riƙa kwatantawa. Kowane sinadari kuma yana da gida na biyu inda zan bar shi ya bushe da gangan, domin haka ake yi a zahiri. Mutum ya fesa, waya ta yi ƙara, kafin ya dawo abu ya bushe.

4 ga Maris

Kafin a yi maganar kwalba, sai an san mene ne za a wanke. Maganaɗisu ya raba gardamar farko: ya manne wa rim mai kurom da wayoyin, ya ƙi alminiyam. Gardama ta biyu ita ce ko alminiyam mai ƙyalli tsirara yake ko an rufe shi da banish, don ido ba ya bambancewa. Na ɗiga man goge ƙarfe a farin tsumma na murza wani lungu. A murfin cibiya, nan take tsumman ya yi baƙi ƙirin, alamar ƙarfen kansa nake taɓawa. A wilin zubi ya fito da ɗan datti kawai, wato akwai banish a tsakani.

Baƙin rim shi ne mai wuyar sha'ani, don baƙinsa ba fenti ba ne. Anodayis aka yi masa. Ana tsoma alminiyam cikin ruwan asid na salfurik a saka masa lantarki, sai fuskarsa ta tsiro da wani ɓawo mai tauri, kaurinsa yawanci tsakanin mikron 5 zuwa 25. Silin gashin kan mutum kusan mikron 70 ne, sai ka auna siririntarsa. Ɓawon yana da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, cikinsu rini yake shiga, sannan a toshe bakunansu. Saboda haka launin a cikin ɓawon yake zaune. In ɓawon ya tafi, launi ya bi shi, kuma babu man gogen da zai dawo da shi. Sai dai a kwance wayoyi duka, a kai rim a sake tsoma shi.

Kurom na ado ya fi haka siririnta, bai kai mikron 1 ba, kuma a kan nikel ake ɗora shi. Wayoyin da maganaɗisu ya kama sosai kuwa ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya. Aikin tutiya shi ne ta lalace kafin ƙarfen da ke ƙarƙashinta, saboda haka duk abin da ya cinye ta ya buɗe wa tsatsa ƙofa.

7 ga Maris

Yau datti na duba, a kan babur ɗin da nake hawa. Na goga yatsa a wilin baya, ya fito da baƙin abu mai danƙo da santsi. Man da kaca ke watsowa ne, ƙura ta manne a kai. A wilin gaba busasshen gari ne toka-toka, ƙurar hanya da garin takalman birki.

Datti biyu ke nan, kuma kowane allazi da nasa amanu. Asid ba ya narkar da mai. Abin da ya iya shi ne cin tsatsa, da ƙurar ƙarfe da ta kama jiki, da farin tabon da ruwa ke bari in ya bushe. Wato maganin wilin mota mafi ƙarfi yana magance matsalar da wilina na baya ba shi da ita, kuma yana kawo wadda babu a da. A ganina nan ne yawancin ɓarna ke farawa: mutum ya ga baƙin maiƙo ya ƙi fita, sai ya nemi kwalba mafi zafi, maimakon ya nemi wadda ta dace da maiƙo.

10 ga Maris

Takardar gwajin pH ta zo hannu. Ma'aunin daga 0 yake zuwa 14, 7 ce tsakiya, ƙasa da ita asid, sama da ita ɓangaren soda. Wani masanin kimiyya ɗan Denmak, Soren Sorensen, shi ya ƙirƙiro shi a 1909. Abin da ake mantawa shi ne kowane mataki ninki goma ne. Mai 12 ya fi mai 10 kaifi sau ɗari, ba da ɗan kaɗan ba.

Sabulun ruwa na wanke mota ya tsaya wajen 7. Na wanke kwanuka ma kusa da haka. Garin sabulun wanki da na dama a bokiti ya kai 10 zuwa 11. Feshin wanke murhu ya ƙure takardar. Maganin wili mai asid na fosforik ya faɗi wajen 2. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne wata kwalba da aka rubuta mata da manyan baƙaƙe cewa babu asid a ciki. Gaskiya suka faɗa, babu. Takarda ta nuna 13.

Dalilin da ya sa wannan ya dame ni: alminiyam ba shi da gwani tsakanin asid da soda, duka biyun suna cin sa. Siririn ɓawon da ke kare shi yana zaman lafiya ne kawai daga wajen 4 zuwa wajen 9. Baƙin ƙarfe ba ruwansa da soda, shi ya sa masu rim na ƙarfe suke wanke shi da duk abin da suka samu, su ba ka shawara da zuciya ɗaya, kai kuma ka je ka ƙona naka. Wilin magniziyam na baburan tsere shi kuma asid ne ajalinsa.

Takardar tana da iyakarta. A kananzir da sauran sinadaran da babu ruwa a cikinsu ba ta faɗin komai. Sannan wasu sabulan masu ɗan kaifin soda ana saka musu silikat don ya hana su cin alminiyam, saboda haka lamba ita kaɗai ba hukunci ba ce. Gargaɗi ce.

13 ga Maris

Rubutun gaban kwalba talla ne. Bayanin gaskiya yana cikin takardar haɗari da ake kira SDS, wadda kamfanoni ke sakawa a intanet. Tsarin GHS na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato tsarin bai-ɗaya na rarraba sinadarai da yi musu alamar haɗari, wanda aka fara bugawa a 2003, ya sa takardar ta zama sashe 16 a jere iri ɗaya ko'ina. Ba sai ka karanta duka ba. Sashe na 2 haɗarin ne, na 3 abubuwan da ke ciki, na 4 taimakon gaggawa, na 9 kuma a nan pH yake. In ka ga lambar gargaɗi H290, ana nufin sinadarin yana iya cin ƙarfe. H314 yana ƙona fata da ido. Hoton da ke cikin alama mai kusurwa huɗu mai jan gefe, mai nuna ruwa yana ɗiga a hannu da kan ƙarfe, shi ma maganar ke nan.

Kowane sinadari yana da lambarsa da ba ta canzawa ko da wane harshe aka rubuta takardar. Uku na rubuta a bango: 1310-73-2 kostik soda ce, 7664-39-3 asid na haidirofulorik, 1341-49-7 kuma amoniyam baifulorayid.

Ta ukun nan na gani a takardar ɗaya daga cikin kwalabena, wadda aka yi wa kirari da cewa fesawa kawai za ka yi ka ɗauraye ba tare da guga ba. Amoniyam baifulorayid in ya shiga ruwa haidirofulorik yake saki. Wannan asid har gilashi yake ci, amma ba shi ne abin tsoronsa ba. Sauran asid in sun taɓa ka za ka ji zafi ka janye hannu. Shi kuwa in an tsarma shi ba ya zafi nan take. Yana ratsa fata shiru, zafin ba zai taso ba sai bayan sa'o'i, wani lokaci har sa'a 24, kuma a lokacin ya riga ya yi nisa cikin nama. Yana kama sinadarin kalsiyam na jiki, in ya yi yawa har bugun zuciya yana dagulawa. Taimakon gaggawarsa shi ne wankewa da ruwa mai gudu na dogon lokaci, a shafa man kalsiyam gulukonet mai kashi 2.5 cikin ɗari, a tafi asibiti ko da ba a jin komai. Mutum nawa ne ke da wannan man a inda yake wanke babur?

Ga shi wilin babur da hannu ake wanke shi. Yatsu suna shiga tsakanin wayoyi, safar hannu tana hujewa a bakin faifan birki, ruwa ya taru ƙarƙashin farce. Ban buɗe kwalbar ba, kuma ta fita daga gwaji.

16 ga Maris

Ranar gwajin masu kaifi. Safar hannu mai kauri, tabarau, waje mai iska.

Na fara da feshin murhu a baƙin rim. Kumfar ta sauka fara fat. Kafin minti 2 gefenta ya fara komawa ruwan ƙasa, sai wani siririn zare mai duhu ya ziraro ƙasa ya taru a bakin tef. Rinin ne yake fita. Da na ɗauraye, gidan ya koma toka-toka dishi-dishi, da iyaka miƙaƙƙiya daidai inda tef ya tsaya, gefe guda baƙi mai sheƙi, gefe guda koɗaɗɗe. Na goga yatsa, santsin ya tafi. Ba abin mamaki ba ne, domin masu sana'ar anodayis da kostik soda suke cire tsohon ɓawo in za su sake sabo.

A murfin cibiya sai da na kasa kunne: wata 'yar ƙara tsii, da ƙananan kumfa suna tasowa daga jikin ƙarfen. Iskar haidirojin ce, alamar alminiyam ɗin kansa yana narkewa. Ya bar baƙin dusa-dusa a wurin da a da nake ganin fuskata. A kurom kuwa ko gezau, sai ma fes da ya yi. A wilin fenti ban ga komai ba sai a inda tsakuwa ta taɓa fasa fentin, can kumfar ta taru tana tafasa.

Kwalbar nan mai taƙamar babu asid hanya ɗaya ta bi, sai dai a hankali. A minti 5 ta bar layuka masu haske a baƙin rim, duk inda ɗigo ya gangara. A gidan da ta bushe, layukan sun fito ɓaro-ɓaro.

Mai asid na fosforik ta sa wayoyin sun yi kumfa, ƙyallinsu ya mutu. Ta mayar da murfin cibiya fari marar sheƙi. A baƙin rim, inda ta bushe, ta bar tabo-tabo. Amma in ba ta haƙƙinta: ɗige-ɗigen tsatsar da ke kan kurom ta kwashe su tas. Baƙin maiƙon kaca da na shafa wa kowane gida kafin gwaji kuwa yana nan daram.

18 ga Maris

Garin sabulun wanki. In an ɗauraye da wuri, ban ga illa a fenti ko kurom ko baƙin rim ba. Inda ya bushe a alminiyam tsirara ya bar fararen layuka da ruwa ya kasa cirewa, sai da man goge. A baƙin rim ya bar ɗan hazo da ake gani in an karkata shi ga haske. Wanki ɗaya ke nan. Mai yin haka duk mako, a rana, shi ne za ka ga rim ɗinsa ya koɗe yana ɗora wa rana laifi.

Sabulun wanke mota bai taɓa komai ba, ko da ya bushe. Dattin gaba ya fita da shi da buroshi mai laushi. Maiƙon baya sai dai ya shafe shi ya baza.

Na wanke kwanuka ya fi shi yanka maiƙo. Ana yawan tsoratar da mutane da shi, ana cewa akwai gishiri a ciki. Da yawansu akwai, da shi ake ƙara musu kauri, amma 'yan ɗigo a bokiti da ɗauraya mai kyau ban ga abin tashin hankali ba. Illarsa ta zahiri ita ce yana kwashe kakin da aka shafa wa fenti.

22 ga Maris

Kananzir a tsumma, shafa ɗaya, maiƙon kaca ya bi tsumman. Na gwada a duk fuskokin huɗu, babu wadda ta canza. Littattafan jagora na wasu babura ma shi suke cewa a wanke kaca mai zoben roba da shi.

Wani dattijon bakanike da ya leƙo ya ce shi da fetur yake yi tun yana yaro. Na ce, "Baba, fetur yana fitar da maiƙon kam, amma kananzir ma yana fitarwa." Bambancin shi ne tururin fetur yana kama wuta tun daga wajen digiri 43 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas, kananzir kuwa sai ya kai wajen digiri 38 ko fiye. Fetur kuma yana kumbura zoben robar kaca. Tina da asiton sun fi muni: a wilin fenti, banish ya yi taushi har zaren tsumma ya manne a ciki.

Kananzir ma da sharaɗinsa. A tsumma ake zuba shi, a matse, ba fesawa ake yi ba. Kada ya taɓa taya, kada ya kusanci faifan birki. Yana sassauta gam ɗin 'yan dalmar da ake liƙawa don daidaita wili, da na sitikar gefen rim. Bayansa kuma dole a bi da sabulu, in ba haka ba siririn man da ya bari shi zai kama sabuwar ƙura. Na gwada mai narkar da maiƙo da ake yi da man ɓawon lemo. Yana aiki, ya fi daɗin ƙanshi, ya fi jinkiri, kuma shi ma yana cin gam.

25 ga Maris

Maganin ƙurar ƙarfe, wanda ke komawa shunayya in ya haɗu da garin ƙarfe. Sinadarinsa tayogilaikolet ne, irin wanda ke cikin man cire gashi, ɗoyinsa na farar wuta yana cika wuri. Takardar pH ta nuna wajen 7, kuma bai ɓata ko gida ɗaya ba matuƙar bai bushe ba.

Sai dai a wilin gaba na babur kusan bai canza launi ba, 'yan ɗigo nan da can. Na fesa ragowar a wilin wata mota, cikin minti 1 ya ziraro shunayya sharkaf. Dalilin a fili yake. Faifan birkin mota ƙarfen zubi ne, yana zubar da garin ƙarfe mai yawa da ke kafewa a fenti. Na babur yawanci sitenles ne, takalman birki masu tauri kuma jan ƙarfe ne ginshiƙinsu. Kaya ne mai kyau, amma ga babur ɗina amfaninsa kaɗan ne. Wataƙila sau ɗaya a shekara, a wili mai farin fenti.

29 ga Maris

Birki da taya, inda kuskure ba a kyan gani yake tsayawa ba.

Takalman birki suna shan mai. In kananzir ko man kaca ko feshin ƙyalli ya jiƙa su, wanki ba ya ceto su, sai canji. Saboda haka kafin in taɓa maiƙon baya zan rufe faifan da leda. Akwai kuma sabulun mota da ake haɗawa da kaki don ya bar sheƙi. Sheƙin nan a kan faifai ma yake zama. Na cire irinsa daga jerina.

Maganin wanke birki iri biyu ne. Akwai mai kulorin, wanda ba ya kama wuta amma in ya haɗu da zafin walda yana iya zama iskar fosjin mai kisa. Akwai marar kulorin, mai asiton da danginsa, wanda ke kama wuta kuma yana taɓa fenti da roba. Ko wanne ne, a tsumma mai tsabta zan zuba in goge faifan, ba zan fesa shi ya fantsamu a rim ba. Sinadarin aisofurofil da ake goge na'urori da shi ma ya wadatar. Shi kansa man birki, nau'in DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1, yana ɗaye fenti. In ya ɗiga a wili, ruwa nan take.

Man ƙyallin taya kuwa ba na babur ba ne. Mota a miƙe take shan kwana, babur kwanciya yake yi, gefen tayar da ake shafa wa santsi shi ne zai riƙe ka a tsakiyar kwana. Launin ruwan ƙasan da ke fitowa a jikin taya ba datti ba ne. Wani sinadari ne, irin su 6PPD, da ake cuɗawa cikin roba don ya riƙa fitowa fili yana kare ta daga tsagewa. Sabulu da buroshi mai tauri sun ishe shi.

1 ga Afrilu

Abubuwan da ba sai na gwada ba. Bilic yana huda alminiyam da sitenles, kuma in ya haɗu da asid iskar kulorin yake fitarwa, saboda haka ba a haɗa kwalba biyu a bokiti ɗaya. Soson ƙarfe yana karce kurom, yana kuma barin ɓurɓushinsa a jikin alminiyam su yi tsatsa. Injin feshin ruwa mai ƙarfi yana tura ruwa ta bakin robar boris ya wanke giris, sai bayan watanni ka ji wili yana gurnani. Inda ake zuba gishiri a hanya saboda ƙanƙara, ko a bakin teku, da ruwan sanyi ake ɗauraya, don ruwan ɗumi yana ƙara wa gishiri kaifi.

13 ga Afrilu

Na bar wilolin gwaji a waje tun ranar 16 ga Maris, ina yayyafa musu ruwa jefi-jefi. Yau na jawo su.

Wayoyin da asid ya taɓa sun yi jar tsatsa, ta fara daga gindi, inda waya ke shiga notinta, don can ruwa ke maƙalewa. Na kusa da su da ba a taɓa ba suna nan yadda suke. A ranar gwaji bambancin ɗan mutuwar ƙyalli ne kawai, wanda mai gaggawa ba zai ko lura ba. Kurom ɗin da asid ya wanke ma tsatsarsa ta dawo a daidai ramukan da ta fito, har ta ɗan fi da. Ramukan suna nan, asid bai toshe su ba. In za a yi irin wannan aikin, sai an bi da kaki nan take.

Koɗaɗɗen gidan baƙin rim ya fito da farin gari. A wilin fenti, daga tabon tsakuwar da soda ta tafasa, wasu siraran farare sun fara rarrafe ƙarƙashin banish, alamar lalacewa ta shiga tsakanin fenti da ƙarfe. Gidajen sabulun mota, da kananzir, da maganin ƙurar ƙarfe, ba na iya bambance su da gidan da ban taɓa ba.

19 ga Afrilu

Yau na wanke babur ɗin kansa. Na bar birki ya huce, na ɗaga wilin baya, na rufe faifan. Kananzir a tsumma na bi rim da cibiya ina juya wilin da hannu, inji a kashe. Tsakanin wayoyi na yanka tsumma dogo siriri, na naɗe kowace waya na ja sama da ƙasa. Sai ruwa a hankali daga tiyo, sabulun mota a bokiti, buroshi mai laushi na rim daban da mai tauri na taya. Na ɗauraye kafin komai ya bushe, na tsane da busasshen tsumma, na goge faifai biyu da aisofurofil. Zoben haƙora na birkin ABS, mai hana taya kullewa, buroshi kawai ya gani. Kafin in hau titi na matsa birki sau da dama a tafiyar ƙafa, har na ji ya kama yadda na saba.

Kananzir ɗin da ya ƙazantu na juye a gwangwani mai murfi, zai bi tsohon baƙin mai zuwa inda ake karɓarsa. Kwalbar soda da ta asid suna kanta daban-daban.

27 ga Afrilu

Wilin baya ya sake yin ɗige-ɗigen baƙi, amma ƙasa da yadda na saba gani. Bayan wankin makon jiya na shafa wa kaca mai ta ciki da yamma, na bar shi ya kwana, da safe na goge rarar da tsumma.

Ranar wankin na shafa kaki a rabin rim na baya, daga bawul zuwa kishiyarsa, na bar ɗaya rabin haka nan. Yau rabin mai kaki ya fita da jiƙaƙƙen tsumma da sabulu kawai, ɗaya rabin sai da na ɗauko kananzir. Saura in ga wanki nawa kakin zai jure kafin ya tafi. Na shafa wa rim na gaba ma, nesa da faifai, zan sake duba duka biyun a ƙarshen Mayu.